Mafarkin Sane Idan Aiki Ya Sha Kan Mutum

Da safiyar 12 ga Afrilu 1975, wani mutum mai suna Alan Worsley yana sharar barci a ɗakin gwaji na Jami'ar Hull da ke Ingila, an manna masa wayoyi a ka da gefen ido. Can sai na'ura ta nuna ƙwayar idonsa tana zuwa hagu tana komowa dama, daidai yadda suka shirya da mai binciken, Keith Hearne, kafin ya kwanta. Alama ce yake aikowa daga cikin barci cewa mafarki yake yi, kuma ya san mafarkin yake. Bayan 'yan shekaru Stephen LaBerge ya tabbatar da haka a Jami'ar Stanford ta Amurka.

Wannan shi ne mafarkin sane. Wani nazari na 2016 da ya tattara binciken shekaru 50 ya nuna kusan kashi 55 cikin ɗari na mutane sun taɓa yin sa ko sau ɗaya, kashi 23 kuma suna yi aƙalla sau ɗaya a wata. Masu koyonsa da gangan kuwa, da zarar jarrabawa ta ƙarato, ko an yi haihuwa a gida, ko an koma aikin dare, sai abin ya ɗauke musu.

Dalilin yana cikin tsarin barcin kansa. Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90, kuma mafarkai masu armashi sun fi zuwa a matakin da ido ke kai-komo a ƙarƙashin fatarsa. A farkon dare wannan mataki bai fi minti goma ba, amma yana ƙara tsawo yayin da gari ke shirin wayewa. Wanda ya rage barcinsa daga awa takwas zuwa biyar, ɓangaren da ya fi yawan mafarki ya yanke.

A 2017 Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide a Ostireliya ya gwada dabaru uku a kan mutum 169. Ta farko, mutum ya riƙa tambayar kansa da rana ko a farke yake, ya gwada ya gani. Ta biyu, ya tashi bayan barcin awa biyar sannan ya koma. Ta uku ita ce ta LaBerge, wadda ake kira MILD: kafin barci ya sake ɗaukarsa, ya yi ta nanata ƙudurin cewa idan ya shiga mafarki zai tuna mafarki ne, kamar yadda magidanci ke ƙulla wa ransa cewa zai tsaya sayen burodi a hanyar komawa gida. Waɗanda suka haɗa ukun sun dace a kashi 17 cikin ɗari na dararen mako guda. Ga waɗanda barci ya kwashe cikin minti biyar da gama nanatawar, adadin ya kai kusan kashi 46.

To, me mai hidima zai riƙe, me zai saki? Binciken Aspy na 2020 da mutum 355 ya nuna masu yawan tuna mafarkinsu sun fi dacewa. Nan ne ya kamata a kafe, domin abu ne na minti biyu. Da farkawa, kada ya motsa, kada ya buɗe WhatsApp. Ya bar idonsa a rufe ya bi abin da ya gani daga ƙarshe zuwa farko, sannan ya rubuta ko da kalma uku ce, ko ya ɗauki muryarsa a waya. Wani Bafaranshe mai suna d'Hervey de Saint-Denys, wanda littafinsa kan sarrafa mafarki ya fito a 1867, da irin wannan rubutun ya fara tun yana ɗan shekara 13.

Abin da ya dace a ajiye shi ne saita agogo ya tashi mutum a tsakar dare. Direba ko ma'aikaciyar jinya da barci bai ishe su ba, ba su da dalilin ƙara wa kansu gajiya saboda mafarki, kuma lafiyarsu da ta waɗanda ke hannunsu ta fi. A bar saita agogon sai ranar hutu. Wanda ya saba tashi sallar asuba ya ɗan koma kwanciya kafin fita, shi ya riga ya samu wannan tazarar ba tare da agogo ba, ƙudurin kawai zai ƙara.

Gwajin rana kuwa, irin toshe hanci a gwada numfashi ko karanta rubutu sau biyu a ga ko ya sauya, bai nuna wani tasiri sosai shi kaɗai ba a binciken 2017, don haka rasa shi na ɗan lokaci ba asara ba ce. Mai fama da rashin barci ko larurar ƙwaƙwalwa ya fara ganin likita kafin ya gwada kowace dabarar da ke katse barci.