Abin da ke kashe fitilun bayan tirela

Tirelar da fitilunta na baya suka mutu babban haɗari ce ga masu bin ta da dare, musamman a titin Zariya da ke Kano, wanda ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwa Uku, maƙwabtan Unguwar Gano a ƙaramar hukumar Tarauni.

Sau da yawa dai matsalar na tasowa ne daga filogin da ke haɗa kan motar da bodinta.

A manyan motoci ƙirar Turai masu wuta bolt 24, filogin da aka saba da shi yana da baki 7, kuma kowace waya da aikinta: ja ta fitilar birki, rawaya ta siginar hagu, koriya ta siginar dama.

Farar waya ce ke mayar da wuta, don haka idan ta saki ko ta yi tsatsa, sai fitilun su dusashe, ko su riƙa kamawa barkatai.

Shi ya sa mai gyaran wutar mota kan fara da duba fiyus, sannan ya gwada bakunan soket ɗin kan motar ɗaya bayan ɗaya da fitilar gwaji.

Idan wuta ta iso ko'ina, to laifin yana ga filogin, ko wayoyin bodin, ko ƙwan fitila.

Ƙurar hunturu da ruwan damina kan lalata bakunan, abin da ya sa ake son direba ya goge su, ya kuma gwada fitilunsa kafin ya ɗauki hanya.