Samarin Oksfod da gwajin zuciya

A shekara ta 1729, a jami'ar Oksfod ta ƙasar Ingila, wasu samari Kirista ƴan ƙalilan suka fara taruwa da maraice domin karatu. Charles Wesley ne ya tara su, daga baya wansa John ya karɓi jagoranci. Suna karanta Sabon Alkawari cikin harshen Girkanci, da littafin Thomas a Kempis kan koyi da Almasihu, wanda ke koyar da cewa ɗan Adam ba ya rabuwa da jarraba muddin yana numfashi, kuma a bakin ƙofa ake tare ta tun ba ta shigo ba. Sauran ɗalibai suka yi ta yi musu ba'a, suna kiransu “Metodis”, wato masu yin kome bisa tsari. Sunan ba'ar nan shi ne ya bi su.

Karatun bai tsaya ga takarda ba. Kowa yakan binciki kansa da tambayoyi, suna azumi Laraba da Juma'a, kuma daga 1730 suka shiga ziyarar ƴan kaso. Da ɗayansu, William Morgan, ya rasu a 1732, sai gari ya ɗauka cewa tsananin azumi ne ya kashe shi, har John ya rubuta wa mahaifin yaron doguwar wasiƙa yana kare kansu.

Shi jagoran ma bai tsira ba. Ya tafi Jojiya ta Amurka aikin wa'azi, ya kamu da son wata budurwa, Sophia Hopkey, ya yi ta jan ƙafa har ta auri wani. A 1737 ya hana ta jibin Ubangiji a gaban jama'a. Ya kawo dalilai na addini, amma da wuya mai hankali ya kasa jin ƙanshin kishi a ciki. Aka kai shi ƙara, ya bar ƙasar a watan Disamba ba tare da an yanke shari'a ba.

A ganinmu wannan tuntuɓe ya ƙara masa sanin halin mutum. A ƙarshen 1738 ya tsara ƙananan ƙungiyoyi, maza daban mata daban, inda kowane mako ake tambayar mutum laifin da ya aikata tun haɗuwar baya, da jarrabar da ta same shi, da yadda ya kuɓuta. Mutum ya faɗi da bakinsa a gaban abokai, abin da ya fi azumi wuya.

Ƴan kasuwa da ma'aikata, ga inda zancen ya shafi aljihu. Dokokin da suka fitar a 1743 sun hana saye ko sayar da kayan da ba a biya musu kuɗin duwan ba, sun hana yawan surutu wajen ciniki, da cin bashin da mutum ya san ba zai iya biya ba. A garin Niyukasil, cikin wannan shekara, John ya kori mutum 64: 17 saboda maye, ɗaya saboda dukan matarsa, 29 kuwa saboda sakaci kurum. Amma fasa-ƙwauri ne ya fi ba shi wuya, domin masu yinsa ba su ɗauke shi zunubi ba. A 1753, a garin Sant Ayibs na bakin teku, ya tarar kusan dukan mabiyansa na cikin harkar. Mutane ne masu addu'a da waƙar yabo, kayan dare kuma na ɓoye a ɗaki. Ya ce su zaɓa, ko su bari ko kada su sake ganin fuskarsa. Suka yi alkawari. Duk da haka, shekara 14 bayan nan, a 1767, sai da ya buga wata ƴar takarda ta musamman yana gargaɗin masu fasa-ƙwauri, yana kiran sana'arsu sata.