Kwana 21: Rayuwar Mai Ciwon Dajin Huhu Tsakanin Magani da Magani

Wanda aka ɗora a kan maganin ciwon dajin huhu, wato abin da ma'aikatan asibiti da majinyata ke kira kemo, yakan daina lissafin kwanakinsa da Juma'a ko da tsayuwar wata. Lissafinsa ya koma na kwana 21. Ranar farko zai yi sammakon asibiti, a ɗebi jininsa a gwada, in sakamako ya yi kyau a ɗaura masa ruwan magani ta jijiya, ya wuni a kishingiɗe. Wasu magungunan sai an maimaita su kwana uku a jere, wasu kuma a rana ta takwas. Daga nan a sallame shi sai bayan mako uku. Galibi ana yin haka sau huɗu zuwa shida, wata uku zuwa huɗu ke nan da 'yan kai. Kwanakin da zai yi a gaban likita a cikinsu ba su taka kara sun karya ba. Sauran duk a gida zai yi su, tsakanin iyalinsa da masu dubiya, kuma a can ainihin jinyar take.

Ciwon ba baƙo ba ne a duniya. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 2.5 suka kamu da shi, miliyan 1.8 kuma ya yi ajalinsu, babu wani ciwon daji da ya kai shi kisa. Taba sigari ce sanadin kusan kashi 85 cikin ɗari, amma akwai masu kamuwa da ba su taɓa kai kara baki ba. A wajenmu matsalar ita ce kamanninsa da tarin fuka: tari mai naci, rama, jini a majina. Sau da yawa sai mutum ya yi watanni yana shan maganin tibi babu sauƙi kafin a sake dubawa, lokacin kuwa ciwon ya wuce inda wuƙar likita za ta iya cire shi. Shi ya sa kemo ya zama makamin da aka fi ɗauka.

Me ya sa mako uku? Magungunan nan suna farma duk ƙwayar halittar da ke saurin rarrabuwa, ba sa tantance ta ciwo da ta lafiya. Ɓargo mai ƙera jini, fatar cikin baki da ta hanji, da saiwar suma duk suna cikin masu saurin, saboda haka su ma suna shan duka. Bambancin shi ne su suna farfaɗowa da wuri, ciwon kuwa ba ya farfaɗowa kamarsu. Hutun mako ukun na ɓargo ne. Ginshiƙin maganin har yau sinadarin ƙarfen filatinom ne, sisfilatin ko ƙaninsa kabofilatin, kuma an gano shi ne ba da niyya ba: a 1965 Barnett Rosenberg na jami'ar jihar Mishigan yana gwajin wutar lantarki a kan ƙwayoyin cuta, sai ya ga sun daina rarrabuwa, ashe ba wutar ba ce, ƙarfen da ya tsoma a ruwan ne. Sai a 1978 Amurka ta amince a fara bai wa majinyata.

Kwanakin farko na tashin zuciya ne da kasala. Tun shigowar magunguna irin su ondansetiron a farkon shekarun 1990, aman da ya ɓata wa kemo suna ya ragu ƙwarai, amma sharaɗinsu a sha su a kan ƙa'ida kafin zuciya ta tashi, ba sai ta tashi ba. Baki yakan yi ɗanɗanon ƙarfe, nama ya fita daga rai, ƙamshin soye-soye daga madafi ya zama azaba. Uwargida ta wahala ta yi farfesu, maigida ya kau da kai, ta koma ɗaki tana share hawaye a zaton girkinta ya raina. Ba girkin ba ne. Abin da ke shiga a irin wannan lokaci shi ne kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai a wuni: kunun gyaɗa, koko, alala, dafaffen ƙwai, ayaba, shayi mai citta. Ruwa kuwa dole ne, musamman ga mai karɓar sisfilatin, domin ƙoda ce ke fitar da shi kuma ita yake fara illatawa in jiki ya bushe. Sai a faɗa wa likita gaskiya. Mun saba in an ce "ya jiki?" mu ce "da sauƙi", kuma ladabi ne mai kyau a zaure. A ɗakin likita kuwa, wanda ya kwana uku yana amai ya ce da sauƙi ya hana kansa a canja masa magani.

Mako na biyu shi ne mai haɗarin da ba a gani. Tsakanin rana ta 7 da ta 14 fararen ƙwayoyin jini, masu gadin jiki, sukan faɗi ƙasa warwas, alhali a zahiri majinyacin ya fara jin dama-dama. A wannan tsakani zazzaɓi ba abin jira ba ne. In ma'aunin zafin jiki ya nuna 38, ko aka ga rawar ɗari, to asibiti za a nufa a daren, a kuma sanar da duk wanda aka tarar cewa mutumin nan yana kan kemo. A nan ne al'adarmu ke cin mu. Duk zazzaɓi a wajenmu na cizon sauro ne, sai a aiki yaro kemis ya sayo farasitamol da maganin maleriya, a ce a ga abin da gari zai waye da shi. Mai lafiya zai iya wannan caca ya ci. Wanda jininsa ba masu gadi, ƙwayar cuta na iya gama zagaye jikinsa cikin 'yan sa'o'i, farasitamol ɗin kuma ba abin da zai yi sai rufe alamar. Ma'aunin zafi ba shi da tsada, kuma a ganina gidan da ake jinyar nan babu shi bai gama shiri ba. Gidan sauro ma haka.

Dubiya fa? Haƙƙi ce, ba mai cewa a rufe ƙofa. Amma ɗaki cike da mutum goma, da mai mura da mai goyon yaro mai tari, kowa na miƙa hannu, ba alheri ba ne a mako na biyu. Ana bukatar mutum ɗaya mai faɗa a ji a gidan, wa ko baffa, wanda zai tsaya a zaure ya ce, "Malam yana hutawa, ya gode, a dawo mako mai zuwa," ba tare da an ga baƙinsa ba. Shi zai kuma tare nonon da ba a tafasa madararsa ba, da kwaɗon ɗanyen ganye, da tsiren bakin titi da ya sha ƙura, har da gorar jiƙo da wani masoyi zai kawo yana rantsuwa ta warkar da wane. Ƙodar da ke fama da filatinom ba ta da wurin haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Sai mako na uku, makon da jiki ke dawowa. Mai hikima a nan yake tara harkokinsa: leƙa shago, zuwa gona, ɗaurin auren ɗan ƙane, zama a majalisa bayan la'asar. Likitoci sukan yarda a ɗan matsa ranar magani saboda wata babbar hidima in an tambaye su da wuri. Tafiya a ƙafa ta minti goma ko ashirin a kullum tana rage kasalar kemo fiye da kwanciya, ko da yake hankali ba ya saurin yarda da haka. Ga mai ƙarancin numfashi, iska mai sanyi a fuska tana sassauta shi, an gwada wannan da 'yar fankar hannu a Kambirij ta Ingila, mu kuwa mafici muke da shi tun kaka da kakanni. A nisanta shi da hayaƙin murhu da na janareta, in hunturu ya kawo hazo a sa takunkumi. Ibada ma ta zo da sauƙinta: salla a zaune ta halatta ga wanda tsayuwa ta gagara, kuma majinyaci yana da rangwamen ajiye azumi. Wanda ya nace sai ya yi azumi a kwanakin da aka ce ya yi ta shan ruwa, ya kamata malaminsa da likitansa su haɗu su yi masa magana.

To, ina fatan alheri yake a cikin wannan duka? Akwai maganar da ake yawan faɗa wa majinyaci, cewa in ya sa damuwa a ransa ciwon zai ci ƙarfinsa, in ya saki ransa zai warke. An bincika. A 2004 Penelope Schofield da abokan aikinta a Melbon ta Ostireliya suka bi masu ciwon dajin huhu 179, suka auna kyakkyawan zatonsu, suka tarar bai ƙara musu tsawon kwana ba. Wannan sakamako ni rahama nake ganinsa. Yana nufin wanda ya tashi yau zuciyarsa a cushe, ya yi kuka a bayan gida don kada yara su gani, bai ƙara wa ciwonsa komai ba. Murmushin dole wani kaya ne da muke ɗora wa mai jinya don mu samu natsuwa, mu masu lafiya.

Haka nan ɓoye masa gaskiya. Mun san yadda ake yi: babban ɗa ya ja likita gefe ya ce, "Don Allah kada a faɗa wa Baba," a koma a ce masa ciwon ƙirji ne kawai. Niyyar tausayi ce, amma ga abin da take jawowa. Baba bai san dalilin da zai sa ya tsorata da zazzaɓi ba. Bai san makonsa mai kyau yana da tsada ba, balle ya yi amfani da shi ya biya bashi, ya rubuta wasiyya, ya kira ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa ga maciji. Kuma galibi ya riga ya gane daga fuskokinsu, sai kowa ya zauna da sirrinsa shi kaɗai a gida ɗaya. Ba mu kaɗai ke da wannan duhun ba: wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya nuna kashi 69 cikin ɗari na masu karɓar kemo bayan ciwon huhun ya bazu ba su fahimci cewa da wuya ya warkar da su ba. Tambayar da ta kamaci kowa ita ce, "Likita, maganin nan na warkarwa ne ko na danne ciwon?" Duka biyun akwai su. Kemo bayan tiyata, ko haɗe da gashi da na'ura, ana yin sa ne da burin warkewa. In ciwon ya bazu, burin shi ne ƙarin watanni ko shekaru da sauƙin numfashi, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai 'ya budurwa da yake son ya ga aurenta.

Paul Kalanithi, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Istanfod ta Amurka, yana da shekara 36 aka gano masa ciwon a 2013, ya riga ya bazu. Ya san lissafin fiye da kowa. Duk da haka ya koma ɗakin tiyata na wani lokaci da magani ya karɓe shi, shi da matarsa suka yanke shawarar haihuwa, aka haifa musu 'ya a 2014, ya rubuta littafin da aka buga bayan rasuwarsa a 2015. Sanin gaskiya bai hana shi buri ba, gwargwadon burin kawai ya nuna masa.

Akwai kuma dalilan fata da suka tsaya da ƙafarsu. A 2010 Jennifer Temel ta babban asibitin Masacusets da ke Boston ta raba majinyata 151 gida biyu. Waɗanda aka haɗa da masu kula da raɗaɗi da damuwa tun farkon jinya sun fi jin daɗin rayuwa, baƙin ciki ya ragu a cikinsu, kuma matsakaicin kwanansu ya kai wata 11.6, na sauran 8.9. Saboda haka in an rubuta wa mutum ruwan mofin don ciwo ko sarƙewar numfashi, ba alamar an sallama shi ba ce. Wani bincike a Mosko da aka buga a 2021 ya nuna masu ciwon da bai yi nisa ba, waɗanda suka bar sigari bayan an gano shi, sun fi waɗanda suka ci gaba da sha tsawon kwana da kusan wata 22. Tun 2004 aka gano cewa wasu masu ciwon, musamman waɗanda ba su taɓa shan taba ba, suna da wani sauyi a ƙwayar halittar ciwon da ƙwayar magani ta haɗiya ke iya dannewa, daga 2015 kuma magungunan zaburar da garkuwar jiki suka shigo. Tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidajenmu, amma ya dace a tambaya ko za a iya gwada naman ciwon da aka ɗiba a ga ko za su dace da shi, kada a wuce ƙofa a buɗe.

Kuɗi dai su ne ƙashin bayan maganar. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin Najeriya ta fara a 2021 ya soma ne da na nono, bakin mahaifa da na gaɓar furostet ta maza, mai ciwon huhu aljihun dangi ya fi dogara da shi. Ga kuɗin mota zuwa Shika ko Kano ko Sakkwato ko Abuja, ko Yamai ga mutanen Nijar. Gara a nemi likita ya faɗi kuɗin zagaye huɗun gaba ɗaya tun kafin a fara, dangi su zauna su raba, da a sayar da gona a yi biyu a tsaya a tsakiya. Wanda ke zuwa daga nesa yana iya neman izinin yin gwajin jini kusa da gida kwana ɗaya kafin tafiya ya aika sakamakon ta waya, domin in jinin bai farfaɗo ba ɗage maganin za a yi da mako guda.

Bayan zagaye biyu ko uku za a sake ɗaukar hoton ƙirji a ga ko ciwon ya ragu, ya tsaya, ko ya ƙaru. Ranar jin wannan sakamako kada majinyaci ya shiga shi kaɗai, domin mai fargaba rabin magana yake ji. A tafi da wanda zai riƙe biro da takarda, a kuma rubuta tambayoyin tun daga gida.