Ƙauyukan Tambuwal Da Kebbe: Wurin Hutun Da Ke Jiran Zaman Lafiya

Ma'aikaci idan ya sami hutun shekara, galibi hankalinsa kan tafi Kaduna ko Abuja, ya kashe kuɗi, ya komo da gajiyar da ta fi wadda ya tafi da ita. Alhali kuwa a kudancin Jihar Sakkwato akwai ƙauyukan da mutum zai kwana bai ji ƙarar injin ba.

Daga Sakkwato zuwa Tambuwal kimanin mil 60 ne a kan hanyar Jega. Garin yana da tarihi, gama a nan ne Muhammadu Buhari, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna bayan jihadin da aka soma a 1804. Daga nan hanya ta ratsa zuwa ƙasar Kebbe, wadda ta yi iyaka da Jihar Kebbi da Jihar Zamfara, inda Gulbin Zamfara ke shayar da fadamu.

Lokacin kaka ya fi dacewa da ziyara. An yanke gero, rumbuna sun cika, Fulani sun sauko da shanu cikin gonaki. Da safe baƙo ya sha fura da nono, da rana ya zauna gindin tsamiya yana kallon masunta, da dare a yi hira a farin wata. Ƙaramin ƙauye ba shi da otal. Baƙo yakan fara gaida mai gari, shi kuwa ya sa a ba shi masauki, domin mutanen karkara sun riƙe cewa baƙonka Annabinka.

Amma fa tilas a faɗi gaskiya. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun sha kai hari a wasu ƙauyukan Kebbe, sun kore dabbobi, sun sace mutane. Saboda haka mai niyyar zuwa ya fara tuntuɓar hakimi da jami'an tsaro, ya yi tafiyarsa da rana, kada ya kusanci daji.

Lalle idan hukuma ta tsare waɗannan ƙauyuka, ta gyara hanyoyinsu, baƙi za su zo, mai nono da masunci su sami kasuwa a ƙofar gida. Manomin da bai yi barci da ido biyu rufe ba kuwa, da wuya ya iya saukar da baƙo.