Baƙin Mai a Ruwa: Darasi Daga Ƙasar Ogoni Zuwa Lambunan Ƙofar Durbi

Jama'a da yawa suna tsammani ɓarnar man fetur a ruwa magana ce ta mutanen bakin teku kaɗai. Amma mu ma a Katsina abin ya shafe mu. Lambunan Ƙofar Durbi da Ƙofar Marusa da Ƙofar Sauri suna shan ruwan Ginzo, shi kuwa yana kwaso abin da lambatun birni suka zubo masa. A ciki har da baƙin man da ake juyewa daga motoci da babura da injinan niƙa. Don haka ya kamata mu san yadda mai yake kashe halittun ruwa, da yadda ake auna ɓarnarsa.

An fara samun mai a Nijeriya a Oloibiri cikin 1956. A shekarar 2008 bututun mai ya fashe a Bodo ta ƙasar Ogoni, ya lalata wuraren kamun kifi, sai a 2015 kamfanin Shell ya yarda ya biya diyyar fam miliyan 55. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto, bayan ta duba wurare fiye da 200 a Ogoni. A garin Nisisioken Ogale ta sami gubar da ake kira benzin a rijiyoyi, ta ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi sau 900. Ta ce gyaran ƙasar zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ga ɓarna ta shekaru da yawa, ga gyara na rabin rayuwar mutum.

Mai yana ɓarna ta hanya uku. Da farko yakan shimfiɗu a bisa ruwa ya hana iska shiga. Na biyu, wani sashensa yakan narke a ruwa, kifi ya shaƙe shi. Ƙwai da 'ya'yan kifi su ne suke fara mutuwa, shi ya sa masunta ba su ganin asarar sosai sai baɗi. Na uku, mai nauyi yakan nutse cikin laka ya daɗe, tarwaɗa kuwa a nan take kiwo. Baƙin mai ya fi sabo haɗari, gama ya kwaso ƙurar ƙarfe daga cikin inji.

Yaya masana suke aunawa? Sukan zuba kifi a tankuna dabam dabam, kowane da gwargwadon man da aka sa masa, su bar tanki ɗaya ba mai. Bayan awa 96 sai su ƙirga matattu, su nemi yawan man da ya kashe rabi. Sukan kuma gwada laka da naman kifi.

Mu ba mu da ɗakin gwaji, amma muna da ido da hanci. A duba waɗannan alamu:

1. Launi kamar bakan gizo a bisa ruwa.
2. Warin kananzir a ruwa ko a dafaffen kifi.
3. Kifi suna tasowa sama suna haki.
4. Kwaɗi da ƙananan ƙwarin ruwa sun ɓace.

Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa rubuta rana da wuri da abin da ya gani. Da wannan littafi ne za mu je wurin malamin gona ko ma'aikatan lafiya.

Sauran aikin yana hannunmu. A ɗora injin ban-ruwa nesa da gaɓa, a sa kwano a ƙarƙashinsa. In an juye mai, a tara shi a jarka mai murfi. In ya zube, a rufe shi da yashi ko toka a kwashe, kada a kore shi da ruwa. A yi magana da kanikawan unguwa cikin ladabi, tun da su ma latas da kabejin lambun nan suke ci.

Littafin Farawa ya koya mana cewa aikin mutum na fari shi ne noman gona da kiyaye ta. Ruwan da ya bar gonarmu gonar maƙwabci zai shiga, Kirista ne ko Musulmi. 'Yan'uwa, mu sa wannan magana a taron ƙungiya na wannan wata, kafin noman rani ya kankama.