Me Ya Sa Ƙwallo Kaɗai Ake Bugawa a Gidajen Gem na Haɗeja?

Duk wanda ya leƙa gidan gem a Haɗeja, ko Malam Madori, ko Kafin Hausa, abu guda zai tarar a kan allon talabijin: koren fili da 'yan ƙwallo ashirin da biyu. Benci ne a jere, janareto na ruri a bayan shago, matasa biyu riƙe da hannun gem wanda sau tari an ɗaure wayarsa da salatif, sauran kuma na jiran layi suna ihun "ba shi fas!" Dokar wurin sananniya ce, wanda aka ci shi ke biya ya tashi. Har yau PES ake kiran wasan, ko da yake kamfanin Konami na Japan ya sauya masa suna zuwa eFootball tun 2021, kamar yadda wasan FIFA ya koma EA Sports FC a 2023.

Wasu na cewa yaranmu ba su san komai ba sai ƙwallo. Ni dai ban yarda ba. Lissafin mai shago ne ya zaɓa musu. Wasan ƙwallo minti goma ne ya ƙare, a karɓi kuɗi, wani ya zauna. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane minti na janareto kuɗi ne, wutar gwamnati kuwa ba abin dogaro ba ce. Mai shagon da ya bar yaro ɗaya ya kwashe awa uku a kan na'ura ɗaya ya kama hanyar rufe shago.

A nan ne muka yi asarar wani babban reshe na wannan harka, wato wasannin labari, waɗanda masu gem ke kira RPG. A irinsu kai ne jarumin. Za ka fara ba ka da komai, sai ka yi ta yawo gari gari, kana magana da mutane, kana karɓar aike, kana tara makami da ƙarfi, kuma shawarar da ka yanke yau tana iya sauya ƙarshen labarin. Final Fantasy, wanda ya fara fitowa a Japan a 1987, yana cikin manyansu. Irin wannan wasa kan ci awa arba'in, wani ma ya haura ɗari. Dole ka ajiye inda ka tsaya ka dawo gobe, abin da a zamanin PlayStation 2 ake yi a ɗan katin memori mai megabait 8. To wa zai ajiye maka a gidan haya, inda na bayanka zai goge ya sa nasa? Ga kuma Turanci shafi shafi da sai ka karanta kafin ka gane abin da ake so ka yi. Wasan labari na mai na'urarsa ne a ɗakinsa, mu kuwa na haya muka gada.

Kamfanonin ma ba da mu suke lissafi ba. PlayStation 2, da ta fito a 2000 kuma aka sayar da fiye da miliyan 150, ita ce na'urar talaka: ka sa faifai, ka kunna, shi ke nan, in ta lalace mai gyara ya buɗe ta. PlayStation 5 ta zo a 2020 a kan dala 499, da wani samfurin da ba ya da wurin sa faifai sam. Ita kuwa PS5 Pro ta fito a 2024 a kan dala 699, ita ma babu wurin faifai sai ka saya daban. Ma'ana sai ka sauke wasa daga intanet, alhali wani wasan ya haura gigabait 100. A kwatanta wannan da datar da ɗalibi a Auyo ke saya a wata. Shi ya sa tsofaffin PS3 da PS4 na hannu suka fi yawa a shagunanmu, matasa da dama kuma suka koma waya, suna buga Free Fire da Call of Duty, waɗanda ake saukewa kyauta. Iyaye su lura a nan, domin "kyauta" ɗin waɗannan wasanni na da ƙugiya. A ciki ake sayar da tufafi da bindigogi da akwatunan sa'a waɗanda ba ka san abin da za ka samu ba sai ka biya. Hukumomin Beljiyam sun ɗauki irin akwatunan a matsayin caca tun 2018.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kayan labarin da muke zaune a kai. The Witcher 3, da wani kamfanin ƙasar Poland ya fitar a 2015, da tatsuniyoyin yankinsu aka gina shi, kuma babban ɓangarensa a fadama yake gudana, cikin taɓo da ƙauyukan talakawa. Mu fa? Ga fadamar Haɗeja zuwa Nguru, ga dajin Baturiya da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai, ga kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa, ga masunta da manoman shinkafa da makiyaya, kowa da buƙatarsa a kan ruwa guda, wanda sakinsa ke hannun madatsun Tiga da Challawa. Ga tarihin Sarki Buhari da ya yi fito-na-fito da Sakkwato, ga yaƙin 1906 da Turawa, inda Sarki Muhammadu ya rasa ransa. Ɗan wasan da aka ba sarautar Sarkin Ruwa a shekarar ambaliya irin ta 2022, aka ce ya zaɓi ƙauyen da kwale-kwale zai fara zuwa, ba zai yi hamma ba.

An taɓa yin irin haka kusa da mu. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da wasan labari mai suna Aurion a 2016, duk da matsalar wuta da suka sha fama da ita a Yawunde. A Legas, Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a 2012 wasannin waya yake yi. A ganina hanyar Maliyo ce ta dace da mu: wasa mara nauyi a wayar Android, da ke aiki ba tare da data ba, mutanen cikinsa kuma su yi magana da murya cikin Hausa maimakon rubutu.