Gwajin Jini da Ciwon Taɓin Hankali: Abin da Ya Tabbata da Abin da Aka Ƙaga

Wani saƙo yana zagaya wayoyin 'yan uwa da maƙwabta, ba sunan marubuci, ba isnadi, yana cewa wai likitocin Turai sun gano gwajin jini mai bayyana taɓin hankalin nan da ake kira sikizofireniya, wanda mai shi yakan ji muryoyin da babu su, ya kuma sakankance da abin da bai auku ba. Sa'an nan ya yanke hukunci cewa duk wanda aka auna jininsa ba a ga kome ba, to lafiyarsa lau, ya ajiye magani. Wanda ya ƙaga wannan hukunci na ƙarshe, ya kuma watsa shi ba tare da tahƙiƙi ba, lalle ya ɗauki alhakin bayin Allah masu rauni.

Bahasin kansa gaskiya ne. Ƙwayoyin gado da ke jikin ɗan Adam ba dukansu ke aiki lokaci guda ba, wasu a farke suke wasu a kwance, kuma da yake ba a yanko ƙwaƙwalwar mai rai don a duba, sai masana suka koma ga fararen ƙwayoyin jini, ko za su ga alamar ciwon a cikin yadda waɗannan ƙwayoyin gado ke tashi da kwanciya. A 2005 Ming Tsuang da abokan aikinsa suka wallafa cewa sun iya rarrabe masu ciwon daga masu lafiya ta wannan hanya, amma mutanen da suka auna ba su kai ɗari ba, su da kansu kuma suka kira aikin share fage. A 2010 aka fitar da wani gwaji a Amurka mai suna VeriPsych, mai auna sinadarai 51 cikin jini, ba a wuce 2013 ba aka janye shi daga kasuwa.

Illar auna jini ta wannan hanya a fili take: maganin da majinyaci ke sha, da sigari, da zazzaɓi, duk suna sauya abin da jini ke nunawa, har mai bincike ya rasa gane ko alamar ciwon ya gani ko ta magani. Ciwon kuma ba kamar sikila ba ne, mai ƙwayar gado guda da ake aunawa kafin aure, domin binciken da aka wallafa a 2022 ya sami wurare 287 cikin gadon ɗan Adam masu alaƙa da shi, kowanne da ɗan tasiri ƙanƙani. Saboda haka har yau likita da hira da majinyaci da danginsa, da lura ta tsawon lokaci, yake gane ciwon. Jinin da ake ɗiba a asibiti don kore wasu cututtuka ne, ko don sa ido kan magani irin su kulozafin mai iya rage fararen ƙwayoyin jini. Fitowarsa tsaf ba hujja ba ce ta warkewa, alhali mafi yawan waɗanda suka yanke magani ciwon yakan dawo musu.

Cewa ana ɗaukar ciwon ta ƙarin jini ƙarya ce tsagwaronta. Cewa ɗan mai ciwon dole ya gada kuwa, ba haka ba ne, domin ko tagwaye masu kama ɗaya kusan rabinsu ne kawai ke tarayya a kansa.

Ba na zargin uwar da ta shekara da shekaru tana sayen magani tana kwana a zaune, in zuciyarta ta karkata ga labarin da ya yi mata alkawarin hutu. Amma ya 'yan uwa, kada kowa ya taɓa maganin majinyacinsa sai da shawarar likitan ƙwaƙwalwa, ko a asibitin Barnawa ta Kaduna, ko Kware, ko Dawanau, ko inda ya fi kusa. Wanda saƙon ya iso masa kuma ya tsayar da shi a hannunsa.